Sanya Na'urar Karɓar Ƙwandala A Ƙaramin Akwatin Wasan Bidiyo Na Gida

Akwatin wasan bidiyo na ƙwandala na'ura ce da aka ƙera tun asali domin ta tsaya a shago ko gidan abinci ko zauren wasanni, mutum ya jefa mata ƙwandala ta ba shi damar wasa na ɗan lokaci, idan wasan ya ƙare kuma ya ƙara jefa wata ko ya matsa wa na bayansa. Irin waɗannan akwatuna sun yi tashe a Amurka da Japan da ƙasashen Turai daga shekarun 1970 zuwa na 1990, kafin na'urorin wasa na cikin gida su kwashe musu kasuwa. Sai dai tun da Nicola Salmoria ɗan ƙasar Italiya ya fitar da manhajar MAME a 1997, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi allunan lantarkin tsofaffin akwatunan har ta kunna wasanninsu, musamman kuma bayan fitowar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi a 2012, masu sha'awar abin suka koma ƙera nasu akwatunan a gida da katako da tsohon allon kallo. Galibin abin da suke ƙerawa ƙaramin akwati ne da ake ɗorawa a kan tebur, wanda aka yanke masa gindi gaba ɗaya, alhali a gindin nan ne tsofaffin akwatuna ke ɗauke da ƙofar ƙwandala da asusun tara kuɗi. Saboda haka duk mai son ya mayar da ƙwandala cikin aikinsa sai ya nemo mata wuri a inda ba a tanadar mata ba.

Mai tambaya zai iya cewa mene ne amfanin mutum ya riƙa biyan kansa kuɗi a cikin ɗakinsa, tunda maɓalli guda ya isa ya ba shi damar wasa iyakar son ransa. Amsar tana cikin yadda aka tsara wasannin, domin masu ƙirƙirarsu sun gina wahalarsu ne a kan cewa kowane kuskure yana da farashi. A wasan Gauntlet da kamfanin Atari ya fitar a 1985, ƙarfin jikin ɗan wasa yana raguwa da kansa ko da babu abin da ya taɓa shi, kuma ƙwandala tana daga abin da ke ƙara masa ƙarfin. A Final Fight na kamfanin Capcom kuwa, wanda ya fito a 1989, da zarar rayukan mutum sun ƙare sai agogo ya fara ƙirga masa sakanni kaɗan, ko ya jefa wata ƙwandalar ko ya rasa duk inda ya kai. Idan aka sakar wa ɗan wasa dama marar iyaka, zai ratsa irin wannan wasa daga farko har ƙarshe a zama ɗaya ba tare da ya ƙware a komai ba, daga nan kuma ya gundure shi. Ƙwandala biyar a tafin hannu kuwa tana mayar wa wasan da nauyinsa, kuma tana iya zama hanya mai sauƙi ta ƙayyade wa yara lokacin wasa ba tare da jayayya ba.

Dabarar sa ƙwandala ta motsa na'ura tsohuwa ce ƙwarai, don kuwa Heron na birnin Iskandariya ta Masar ya bayyana wata tun ƙarni na farko na Miladiyya, inda ƙwandala ke faɗa wa wani faranti, nauyinta ya ɗaga marfi, ruwa ya zubo har zuwa lokacin da za ta zame ta faɗi. Kasuwar wasan bidiyo ma da ƙwandala ta buɗe: a 1972, lokacin da Atari ya ajiye samfurin farko na wasan Pong a wata mashaya mai suna Andy Capp's Tavern a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya, ba a jima ba aka kira injiniyan da ya haɗa shi, Al Alcorn, cewa na'urar ta lalace, da ya buɗe kuwa sai ya tarar asusun ne ya cika da ƙwandaloli har suka toshe hanya.

Abu na farko da ya kamata mai wannan aiki ya fahimta shi ne kwamfuta ba ta san ƙwandala ba, ba ta kuma san darajarta ba. Abin da take gani kawai makunni ne, wato ƙarfe biyu da ke haɗuwa na ɗan ƙanƙanin lokaci su ba wuta hanya sannan su rabu. A tsarin JAMMA, wanda ƙungiyar masu ƙera na'urorin wasa ta Japan ta shimfiɗa a tsakiyar shekarun 1980 domin allon kowane wasa ya shiga kowane akwati, mahaɗin yana da haƙora 56, haƙori na 16 kuma shi ne na ƙwandala ta farko, kuma aikinsa bai wuce a taɓa shi da wayar ƙasa ba, wato wayar da dukkan wutar na'urar ke komawa ta cikinta. A MAME abin ya fi haka sauƙi, domin danna lamba 5 a allon madannai shi ne jefa ƙwandalar ɗan wasa na farko, lamba 6 ta na biyu, lamba 1 da 2 kuma su fara wasan. Ke nan na'urar karɓar ƙwandala aiki biyu ne a kanta, ta tantance ƙwandalar kirki daga ta bogi, sannan ta danna wannan makunni sau ɗaya tak a madadin yatsan mutum. Dukkan wahalar da ke cikin aikin a kewayen waɗannan abubuwa biyu take.

Tsohuwar na'ura wadda ba ta amfani da wuta, irin wadda kamfanoni kamar Coin Controls da Coin Mechanisms suka daɗe suna ƙerawa mai faɗin inci 3.5, ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau, domin a cikinta ne ake ganin hikimar abin a fili. Idan ƙwandala ta shigo ta tsagar sama, farkon abin da take faɗa wa shi ne wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da ke lilo a kan ƙusa, an kuma rataya masa nauyi a gefe guda. Ƙwandalar da ta yi ƙanƙanta sai ta zurare ta tsakanin ƙafafun ta fita ta ƙofar mayarwa, wadda ta yi girma ta maƙale tun daga sama, wadda faɗinta ya yi daidai amma ba ta da nauyi kuma ta zauna a kan ƙafafun ta kasa rinjayar su. Wadda ta cika faɗi da nauyi kaɗai ke juya ƙarfen, ya sauke ta a kan wata siririyar hanya mai gangara, ta mirgina ta gaban maganaɗisu. A nan ne gwaji mafi ban sha'awa yake. Baƙin ƙarfe maganaɗisun zai cafke shi nan take, to amma ko jan ƙarfe da dangoginsa, waɗanda maganaɗisu ba ya ja, idan suka gifta ta gabansa da gudu wata 'yar wuta takan taso tana kewayawa a cikin jikinsu, wutar nan kuma ta rage musu sauri gwargwadon yadda ƙarfen ke iya ɗaukar lantarki. Don haka kowane irin ƙarfe da saurin da yake barin ƙarshen hanyar, kowane kuma da nisan da yake faɗawa, kamar yadda mai shiƙa ke raba tsaba da ƙaiƙayi ta wurin inda kowannensu ya sauka. Ƙwandalar kirki tana faɗawa ɗaya gefen wani ɗan shinge, ta ture siririyar wayar makunni a kan hanyarta ta zuwa asusu, sauran kuma su faɗa ɗaya gefen. Maɓallin mayarwa da ke gaban akwati aikinsa ya buɗe gefen na'urar ya kuma share fuskar maganaɗisun, duk abin da ya maƙale ya zubo.

Na'urorin lantarki gwajin ɗaya suke yi, sai dai da naɗin waya suke yin sa a maimakon lilo da shinge. Akwai mai kwatantawa, wadda ake maƙala mata ƙwandala guda a matsayin samfuri, duk wadda aka jefo sai ta auna yadda ta sauya filin maganaɗisun da ke tsakanin naɗin wayoyin ta gwada da na samfurin, in sun dace ta ja wata 'yar ƙofa ta bar ta ta wuce. Akwai kuma mai koyo, irin su CH-923 da CH-926 da ake ƙerawa a Sin, waɗanda lambar ƙarshe ta sunansu ke nuna yawan nau'in ƙwandalar da suke iya riƙewa, uku ko shida. Waɗannan su ne suka fi yawa a ƙananan akwatunan gida, saboda suna da araha, kuma fuskarsu da tsagarsu da ƙofar mayarwarsu duk a jiki ɗaya suke, ba sa bukatar babbar ƙofar ƙarfe. Akwai kuma hanyar da ta fi kowace ƙanƙanta, wato a yanka tsaga kawai a sa makunni mai siririyar waya ko idon lantarki a bayanta, duk abin da ya wuce a ƙirga shi. Wannan ba ta tantance komai, marfin kwalba ma in ya shiga ya wadatar, amma ga akwatin da ba zai bar falo ba babu aibi a cikinta.

Kafin a zaɓi ko ɗaya daga cikinsu, dole ne a fara yanke shawarar ƙwandalar da za a yi amfani da ita, kuma a nan ne masu sayen kaya ta intanet suka fi yin asara. Na'urar da ba ta amfani da wuta an ƙera ta ne domin ƙwandala guda ɗaya, kuma galibin waɗanda ke kasuwa na kwatar dalar Amurka ne, wato ƙwandalar santi 25 mai faɗin milimita 24.26 da nauyin giram 5.67, wadda tun 1965 ake yin ta da jan ƙarfe a ciki da gaurayen jan ƙarfe da nikel a waje. Kwatar Kanada ta kusa kai ta faɗi, amma maganaɗisu yana jan ta, don haka a irin wannan na'ura maƙalewa take yi. Na'urar Japan kuwa an auna ta ne da ƙwandalar yen 100 mai faɗin milimita 22.6. Mai ƙera akwati a Maraɗi ko Damagaram yana da ƙwandalolin sefa da ake hada-hada da su kullum, abin da yake bukata kawai na'ura mai koyo. Amma a Nijeriya, ƙwandalolin kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da Babban Banki ya fitar a 2007 sun daɗe da ɓacewa daga hannun jama'a saboda faɗuwar darajarsu. Mafita a nan, wadda ita ce ma gidajen wasa na Amurka suka daɗe suna bi, ita ce ƙwandalar wasa, wato ƙarfen da aka buga da siffar kuɗi amma ba kuɗi ba ne, wanda aka fi samu da faɗin inci 0.984, kusan milimita 25, ko inci 0.900. Yana da kyau a sayi isassu daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya, domin biyu masu faɗi ɗaya na iya bambanta a irin ƙarfensu, na'ura ta karɓi wannan ta ƙi wancan.

Bayan ƙwandala sai wuri, kuma wannan ne sashen da ya fi cin tunani. Babu injin da ke tura ƙwandala a cikin waɗannan na'urori, nauyinta ne kaɗai ke tafiyar da ita daga tsaga har asusu, saboda haka dole na'urar ta tsaya a miƙe sosai, kada ta karkata gaba ko baya ko gefe. Karkata kaɗan ta isa ta sauya saurin mirginawar, na'urar da ke aiki lafiya a hannu ta koma ƙin rabin abin da aka jefa mata bayan an ɗaure ta. Wannan ya hana a sa ta a allon maɓallai, tunda a kwance yake ko a gangare, ya kuma hana a sa ta a kowane katakon da aka karkatar domin ado. Ɗan katakon da ke gaba a ƙarƙashin allon maɓallai shi ne inda ido ya fi so, amma a yawancin akwatunan kan tebur tsayinsa bai kai na fuskar na'urar ba, ga kuma gindin sandunan wasa da wayoyin maɓallai sun sauko sun cike bayansa. Shi ya sa da yawa ke komawa katakon gefe, a bayan allon kallo, inda akwai fili a tsaye, ko kuma su ƙara wa akwatin wani ɗan gindi na musamman da zai ɗauki na'urar da aljihun tara ƙwandala. Ko wanne aka zaɓa, lissafin tsayi uku ne a haɗe: tsayin na'urar kanta, da tazarar da ƙwandala za ta faɗo, da zurfin asusun; duk wanda ya auna na farko kaɗai zai tarar bakin fitar ƙwandala ya zauna daram a kan katakon ƙasa. A ciki kuma jikin na'ura mai koyo yakan shiga fiye da santimita 10, ga maɓallan saiti a gefenta da ya kamata yatsa ya iya kaiwa gare su bayan an gama ɗaurewa.

Dabarar da ta fi tsare katako daga ɓarna ita ce a fara yin aikin da kwali. A yanka kwali daidai girman katakon da za a huda, a zana masa ramin, a soka na'urar a ciki, a tsayar da shi a gurbinsa a cikin akwatin, sannan a jefa ƙwandala a bi ta da ido a ga inda ta faɗa. Sai an gamsu za a mayar da zanen kan katako, a huda kusurwoyi huɗu, a bi tsakaninsu da zarto, a goge bakin da magagari. Ramin ya zama ya ishi jikin na'urar shiga ba tare da matsi ba, domin matsi na iya danne hannun maɓallin mayarwa, amma kada ya kai inda ƙusoshin ɗauri za su shiga. Ƙusoshin da ke zuwa da na'urar masu santsin kai ne da ake ɗaure su da noti daga ciki yadda ba za a kwance su daga waje ba, sai dai an yi su ne domin siririyar ƙofar ƙarfe, don haka a katakon MDF mai kaurin milimita 18 sukan gaza, sai an nemo masu tsawo. Daga bakin fita zuwa asusu a yi indararo da roba ko siririn katako, mai gangara sosai, a rufe gefunansa, domin ƙwandala ƙarfe ce, in ta yi tsalle ta faɗa kan allon kwamfuta a buɗe tana iya haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba ta ƙona shi. A shimfiɗa ɗan ƙyalle ko roba a gindin asusun saboda ƙara, a kuma nisanta na'urar lantarki da sifika, tunda a bayan kowace sifika akwai maganaɗisu.

Haɗa wayoyin na'urar da ba ta amfani da wuta bai fi haɗa maɓalli wuya ba. Makunninta yana da ƙafa uku, COM da NO da NC, kuma biyun farko ake so, wato waɗanda ke rabe har sai ƙwandala ta ture wayar. Ana kai su ga ɗan allon da ke fassara maɓallai zuwa saƙon da kwamfuta ke ganewa, kamar I-PAC na kamfanin Ultimarc wanda ke da gurbi na musamman domin ƙwandala. Wanda ya yi kuskure ya haɗa da NC zai sa kwamfuta ta ɗauka an danne maɓallin ƙwandala ba a saki ba, wasu wasannin kuma su tsaya cak suna nuna alamar toshewa.

Na'urar lantarki ita ce ke bukatar hattara, domin da bolt 12 take aiki, alhali Raspberry Pi bolt 5 take ci, haƙoranta na karɓar saƙo kuma bolt 3.3 kawai suke jurewa, ko bolt 5 na iya lalata su balle 12. Hanya mai tsabta ita ce a shigo da wutar bolt 12 cikin akwatin, a ba na'urar kai tsaye, sannan a sa ɗan allon rage wuta ya fitar wa kwamfutar bolt 5. Ana iya yin akasin haka, a ɗaga 5 zuwa 12, amma a duk lokacin da na'urar ta ja ƙofarta takan zuƙi wuta a tashi ɗaya, kuma wannan zuƙar na iya sa wutar kwamfutar ta yi ƙasa har ta nuna gargaɗi ko ta mutu ta tashi a tsakiyar wasa. Wayar saƙo, wadda aka rubuta wa COIN, a na'urori da yawa ba ta fitar da wuta, abin da take yi shi ne ta haɗu da wayar ƙasa a lokacin da ƙwandala ta wuce. Amma ba duka ne haka ba, saboda haka kada a dogara da takardar da ta zo cikin kwali, a ɗauki mitar auna wuta a auna tsakanin wayar saƙo da wayar ƙasa kafin a haɗa ta da komai. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a raba ɓangarorin biyu gaba ɗaya da rile, wato makunnin da wuta ke dannawa, ko da ɗan abin nan mai ƙafa huɗu PC817, wanda a cikinsa ƙaramar fitila ke haska wani idon lantarki, saƙo ya tsallaka ta haske ba tare da wuta ta tsallaka ba. Wannan rabuwa tana kuma magance wata matsala ta allunan maɓallai masu araha da ake kira Zero Delay, waɗanda a wasu nau'o'insu wayar da maɓallai suka yi tarayya a kanta ta bolt 5 ce a maimakon wayar ƙasa. Idan an sa rile ko injin ƙirga ƙwandala mai naɗin waya, a gitta masa dayod kamar 1N4007, wato abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, domin ya shanye wutar da naɗin ke mayarwa da ƙarfi a lokacin da aka yanke masa.

Koyar da na'ura mai koyo aiki ne na 'yan mintuna, amma sakamakonsa ya dogara da ƙwandalolin da aka koyar da ita da su. A CH-926 ana shiga saiti da maɓallan gefe, ɗan allonta ya riƙa nuno haruffa ɗaya bayan ɗaya: E na tambayar nau'i nawa za ta karɓa, H samfuri nawa za a jefa mata, P bugu nawa za ta aika, F kuma tsananin tantancewa, inda ƙaramar lamba ke nufin tsanani mai yawa. Daga nan sai a jefa samfuran, goma sha biyar ko fiye. Wanda ya ɗauki ƙwandala guda yana ta maimaita jefa ta ya koyar da na'urar wannan ƙwandalar ce kaɗai, gobe in aka kawo 'yar'uwarta da ta ɗan goge sai ta tofar da ita. Daidai shi ne a gauraya sababbi da tsofaffi, a kuma yi koyarwar bayan an ɗaure na'urar a gurbinta na dindindin. Lambar P a bar ta a 1 ga ƙwandalar da ke daidai da damar wasa guda, a ba mai daraja ninki biyu 2.

Tsawon bugun ma yana da muhimmanci. A jikin irin waɗannan na'urori akwai ɗan makunni mai matsayi uku da ke zaɓar tsawonsa, daga kimanin milisakan 20 zuwa kimanin 100, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Yawancin tsofaffin wasanni suna sabunta hoto kusan sau 60 a sakan, wato kowane zagaye kusan milisakan 17, kuma a irin wannan zagaye suke duba makunnai, don haka bugu mafi gajarta, wanda da ƙyar ya fi zagaye ɗaya tsawo, na iya wucewa ba a lissafa shi ba, ƙwandala ta shiga asusu amma wasa bai ƙirga ta ba. Matsakaici ko mai tsawo ya fi aminci. Yawan ƙwandalar da ke sayen damar wasa guda kuwa a cikin wasan ake saita shi, ta ƙananan makunnan DIP da ke kan allunan asali, waɗanda MAME ke kwaikwaya a jerin zaɓin da maɓallin Tab ke buɗewa. A nan ne kuma ake kashe saitin wasa kyauta, wanda in yana kunne duk aikin da aka yi ya tashi a banza. Hikima ce a bar maɓalli ɗaya a ɓoye a cikin akwatin, a bayan ƙofa mai makulli, wanda ke ba da damar wasa ba da ƙwandala ba, saboda gwaji da kuma ranar da na'urar ta ƙi aiki.

Kulawar da na'urar ke bukata kaɗan ce. Ba a sa mata mai ko kaɗan, domin mai yana kama ƙura ya zama danƙo ya rage wa ƙwandala gudu; goge hanyar da busasshen ƙyalle ko ɗan burushi ya isa, a kuma riƙa share idanun lantarkin, musamman a wuraren da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. A riƙa kwashe asusun kafin ya kai bakin indararo, kada abin da ya sami Pong a 1972 ya maimaita kansa, ga shi kuma asusun ƙaramin akwati bai kai na babba ba.

Akwai iyakoki biyu da ya dace a sani. Akwatin da ke karɓar ƙwandala ya ba da lokacin wasa kawai, ba ya mayar wa kowa kuɗi, ya sha bamban da na'urar caca, kuma bai kamata a sauya shi ya koma biyan wanda ya ci ba. Haka kuma, ko da yake manhajar MAME kyauta ce, wasannin da take kunnawa mallakar kamfanonin da suka yi su ne ko waɗanda suka gaje su, don haka ajiye akwatin a shago ana karɓar kuɗin jama'a da wasannin da ba a sami izininsu ba ya shiga haƙƙin mallaka, hukuncinsa kuma daban yake da na wasa a cikin gida.

Ga ƙaramin akwatin kan tebur da zai zauna a gida, na'ura mai koyo da ƙwandalolin wasa iri ɗaya, a katakon gefe, da PC817 ko rile a tsakaninta da kwamfuta, ita ce zaɓin da ya fi dacewa da ƙarancin wuri da ƙarancin kuɗi. Tsohuwar na'ura marar wuta ta fi ta ƙarko, amma tana bukatar fuska da maɓallin mayarwa na daban da tsayin da irin wannan akwati ba kasafai yake da shi ba. Mai niyyar wannan aiki ya fara mallakar ƙwandalolin, sannan ya sayi na'urar da ta dace da su, ya gwada ta da kwali a cikin akwatin, kada ya ɗora zarto a kan katako sai ya ga ƙwandala ta faɗa inda yake so.